Ciwon Cikin Inna

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi. A nan Parakou, kafin ƙarfe sha ɗaya kwanon ɗaki ya fara ƙara kamar ana taka shi, sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya cak, jikokina su baje a kan siminti suna juyi. Ni kuwa duk sa'ad da maƙogwarona ya bushe haka, zuciyata Zugu take komawa, garin da ake rubutawa Djougou a allon mota. Azumi yakan zagayo ya dawo mazauninsa bayan shekara talatin da 'yan kai, kuma wancan da ya faɗo a irin wannan lokaci shi ne wanda ban taɓa mantawa ba. Shekarata goma sha shida a lokacin.

Gidanmu gidan 'yan goro ne a unguwar Zongo. Kakannin Baba da jakuna suka zo a kan hanyar Gwanja, suka sauke kaya a Zugu, ba su sake ɗauka ba. Baba, Malam Alasan, yana da rumfa a kasuwa, kullum hannunsa a jiƙe da ruwan yayyafin goro. Mu biyar Inna ta haifa. Babbanmu shi ne Yaya Musa, aparanti ne, wato yaron mota, a wata kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa kudu. Saura wata biyu a kama azumi kamiyon nan ta faɗi a hanyar Parakou, an ɗan wuce Partago. Direban ya tsira da karaya. Yaya Musa yana kan kaya a baya, bai tsira ba. Kafin labari ya iso mana har Baba ya sami mota ya je, mutanen wurin sun riga sun yi masa sutura.

Yaya Musa ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. In za ta aike ni da tuwonsa sai ta ce, "Kai wa wancan." In ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe, ko da yake mu mun san tun safe take leƙen ƙofa. Ranar da aka yi rasuwar ma haka ta zauna a tabarma, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa. Mata suna fita suna cewa, "Kun ga mace mai tawakkali." Ranar sadakar uku Baba ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa. Kada in ji kuka a gidan nan." Muka ce to. Daga ranar sunan Yaya Musa ya fita daga bakin kowa.

Daminar da ta wuce ta ɗauke da wuri. Doyar da kawunmu yake aiko mana daga gonarsa ta Bariénou ta zo ƙanana kamar rogo, ta ƙare tun kafin a ga wata. Dawa ce kawai a rumbu, ita ma ana awonta da ƙaramin ƙoƙo. Rijiyar gidanmu da ba ta taɓa ƙafewa ba, a makon farko na azumi muka zura guga ta fito da laka.

Saboda haka da an sallame asuba, mu 'yan matan unguwa mu ɗauki daro mu bi iyayenmu mata zuwa rafi. Rafin ma babu ruwa a samansa, yashi ne fari. Ɗaya ta durƙusa ta yi ta tono da ƙwarya har ramin ya kai mata gwiwar hannu, sannan a zauna a jira ruwa ya tsatso. Ba a rububi. Wadda ta tona ita ce ta farko, sai mai goyo, sai tsofaffi, mu 'yan mata a ƙarshe. Kafin daronka ya cika rana ta fito, yashin ya fara cin tafin ƙafa. Ka ɗora ruwa a ka, yana fantsalo maka a fuska, ga ƙishi, ba halin ka lasa.

Da hantsi a yi surfe. Turmi uku ake haɗawa a gidan Hajiya Lami maƙwabciyarmu, don hannu ɗaya ba ya iya wa dawa da azumi a baki. In rana ta take, gari ya mutu. Ko kaji ba sa motsi, bakinsu a buɗe a gindin randa. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka yi juyi biyu ya bushe. Mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya amma ba su nuna ba, ƙannena su kwanta a ƙarƙashinsa suna kallon sama. Da la'asar a hura wuta. Kunun tsamiya ne kullum, ƙosai sai ranar Juma'a. Tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ce namanta. Lokacin ɗorawa ne, sai mu dama garinta rawaya mu sha a madadin sukari. Ruwan buɗe baki a randa yake, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Dab da magariba kwanoni su fara yawo gida-gida, ka aika da kunu a maido maka da ɗan wake, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa.

A cikin wannan hali ciwon Inna ya fara. Ana kiran salla ta kurɓi kunu sau ɗaya, sai ta ajiye ludayi ta dafe ƙasan haƙarƙarinta.

"Inna, lafiya?"

"Kamar an zuba mini garwashi a nan," ta ce.

Kwana biyu sai amai. Sai ciwon kai, ta ɗaure goshi da kallabi tamau har ya yi mata shaida. Da safe idonta jajir, ka san ba ta runtsa ba. Baba ya ce ta ajiye azumi, ta ajiye, amma abincin bai shiga ba. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

Ni na raka ta dispansar, ƙaramin asibiti. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya danna cikinta, ya auna tansiyo, wato awon hawan jini, ya ce ta ɗan hau, ya ba ta farin gari da ƙwayoyi, ya hana ta yaji. Muka koma, muka sake komawa. A zuwa na uku ya cire abin awonsa daga kunne ya buɗe hannuwa.

"Madam, je ne vois rien. Ban ga komai ba. Ki ci abinci, ki huta."

A gida aka shiga rubutu, aka shiga jiƙon saiwoyi, aka yi hayaƙi har ɗakinta ya koma warin turare da ƙauri. Hajiya Lami ta ce iska ta gamu da shi a rafi. Wata ta ce baki ne, don an cika yabon haƙurinta. Kowa ya faɗi nasa. Ba wanda ya haɗa ciwon nan da abin da ya faru a hanyar Partago, har ni.

Girki ya dawo kaina. Zan faɗi gaskiya, haushinta nake ji. In dawo daga rafi wuyana kamar zai karye, in tarar da ita kwance ta juya wa ƙofa baya, ga ƙannena suna dambe a kan abin da bai kai ya kawo ba. Baba ya daina dawowa da la'asar, sai an kusa shan ruwa, kuma a zaure yake ci shi kaɗai. Gidan da da ake jin dariyarmu daga bakin titi ya koma ba a jin komai sai ƙarar taɓarya.

Akwai wata tsohuwa, Bayowa ce, ƙabilar da muka tarar a ƙasar, daga wani ƙauye ta wajen Pélébina, da take kawo mana itace duk ranar kasuwa. Iya Mai Itace muke ce mata. Ta daɗe ba ta zo ba, ashe ƙafa ce ta kwantar da ita. Wajen sha biyar ga azumi sai ga ta da tsakar rana, gumi ya jiƙa mata zane. Na kama mata ta sauke. Ta dubi zaure, ta dubi tsakar gida, ta ce da Dendi, don shi ne yaren da ya haɗa mu, "Ina ɗana mai tsokana? Yau ba zai zo ya ce itacena ɗanye ba ne?"

Yaya Musa ne yake sauke mata kaya in yana gari, yana kwaikwayon yarensu tana bin sa da sanda. Inna tana kwance a tabarma a inuwar mangwaro. Na ga bayanta ya sandare. Na ja tsohuwar gefe na raɗa mata.

Ba ta ce sai haƙuri ba. Ta je ta zauna a ƙasa dab da tabarmar Inna, ta miƙe ƙafafu. Can ta ce, "Ni ma nawa ya tafi, da gemunsa. Shekara guda cikina a rufe, ruwa ma da ƙyar." Sannan ta ce, "Naki me ya fi so a abinci?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ba a taɓa yi wa Inna irin wannan tambaya ba.

"Ƙanzo," Inna ta ce, ba ta juyo ba. "Ƙanzon tuwo. Tun yana rarrafe yake bin tukunya."

"Kina ajiye masa?"

"A ƙarƙashin faifai. Kada yaran nan su gani."

Daga nan magana ta ɓalle. Yadda aka haife shi da damina, yadda ƙyanda ta kusa ɗauke shi, yadda ranar tafiyarsa ta ƙarshe ya durƙusa ya yi mata sallama ta ce masa "to" kawai, ba ta ɗago ba. Sai na ji ta ce, "Musa. Musa na." Kukan da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, daga ciki yake fitowa kamar ana jan guga mai nauyi. Tsohuwar ba ta hana ta ba, ba ta taya ta ba, ta dai dafa mata ƙafa.

Ranar da magariba Inna ta shanye ƙoƙon kunu tas, ta ce in gutsuro mata tuwo.

Iya Mai Itace ta ƙara zuwa sau biyu, kowane zuwa su zauna a gindin mangwaro. Aman ya tsaya. Kallabin ya sauka daga goshi. Wata safiya har Inna ta karɓi taɓarya daga hannuna ta ce ban iya surfe ba. Murna ta cika ni, na kasa riƙe ta. Da na kai wa Baba ruwan buɗe baki a zaure na ce, "Baba, Inna ta samu sauƙi fa. Tun ranar da ta yi kukan Yaya Musa a gaban Iya Mai Itace take cin abinci."

Baba ya ajiye modar bai sha ba. "Kuka? A gidan nan?"

Ranar kasuwa ta gaba bai fita da wuri ba. Ya tari tsohuwar a ƙofa, ya gaishe ta da ladabi, ya ce daga yau ta riƙa sauke itacen a zaure. Bai ɗaga murya ba. Da ya shigo ya tsaya a kan Inna ya ce, "Hawayenki ruwan zafi ne a jikin yaron nan a kabarinsa. Kin fi son ki ƙona shi?" Inna ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam." Ba ta sake kama sunan ba.

Kwana kaɗan bayan Salla hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta kaɗo mangwaro, sannan ruwa ya sauko da ƙarfi. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Muka fito da daro, da tukwane, da kwanonin tuwo, muka jera a ƙarƙashin indararo, ƙannena suna tsalle tsirara. Na leƙa ɗaki in kira Inna ta ga ruwa, na same ta ta dafe haƙarƙari, kallabin ya koma goshi.

Ta ƙara shekara shida a duniya, kullum da ciwon ciki, kullum tansiyo tana hawa, har ranar da ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta yi wata guda a kwance ba. Ni kuwa na yi aure na taho Parakou da maganar nan a cikina: da na yi shiru a zaure ranar nan fa?

Yanzu ruwa a pampo yake, ga firigo mai sanyaya shi, ga galas, wato ƙanƙara, a buɗe baki in kuran bai ɗauke ba. Amma ciwon Inna na sake ganin sa a gidana. Maigidana, Baban Rabi, mutumin Dosso ne, shekara talatin yana jan kamiyo tsakanin teku da Nijar. Da aka rufe iyaka motarsa ta tsaya, shi ma ya tsaya. Da farko yana zuwa tasha jin labari, daga baya ya daina. Ya koma zaman kujera a baranda. Sai ciki ya fara, sai barci ya gudu, sai tansiyo. Mutumin da jikoki suke hawa wuyansa ya zama in cokali ya faɗi sai ya yi tsawa. 'Yarmu Rabi ta daina kawo yaranta.

A asibiti an yi masa awo iri-iri, har da zura masa abu ta maƙogwaro. An ga ɗan gyambo, an ba shi magani, ya sha, ciwon ya lafa ya dawo. A zuwa na uku likitan ya rubuta wata takarda ya ce mu bi baranda har ƙarshe, akwai pisikolog, mai duba damuwar zuciya.

Baban Rabi ya miƙe tsaye. "Likita, mahaukaci ka maishe ni?"

"A'a, Alhaji. Maganinka za ka ci gaba da sha. Amma ni gyambon nake warkarwa, akwai abin da yake sake buɗe shi, kuma ba a cikin awona yake ba."

A baranda ya nufi ƙofar fita. Na riƙe masa hannun riga a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baban Rabi, na taɓa jin an ce wa mutum ba a ga komai ba, na kuma ga ƙarshensa. Don Allah mu shiga." Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba.

Pisikolog ɗin Madam Bake sunanta, 'yar Bargu ce, ba ta kai Rabi shekaru ba. Ba farar riga, ba allura, kujeru uku ne kawai da tebur. Da Dendi da Faransanci da 'yar Hausarta aka yi maganar. Ta tambaye shi lokacin da ciwon yake tasowa, da abin da yake yi in ya tashi da safe, da wanda yake hira da shi. Yana amsawa a taƙaice yana kallon ƙofa. Zuwan farko haka aka tashi. A na biyu ne, da ta tambaye shi abin da ya fi kewa a hanya, ya daina kallon ƙofa.

"Madam," ya ce, "shekara talatin in na tashi na san inda za ni. Yanzu in na sa takalmi ban san inda zan nufa ba. Matar nan ta fita kasuwa ta dawo ta same ni inda ta bar ni. Kunyarta nake ji."

Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban san haka ba. Na ɗauka haushina yake ji.

Ta yi mana bayani a hankali, cewa damuwa ba a zuciya kaɗai take zama ba. In ta daɗe ba ta sami hanyar fita ba, ciki yana ji, jini yana ji, barci yana ji, kuma mutanen gida ma suna sha. Ta koya masa yadda zai ja numfashi in ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Ta ce ya riƙa taka ƙafa bayan asuba, ya koma tasha wurin 'yan'uwansa direbobi ko da ba mota, kuma mu biyu mu riƙa zama mu yi magana ba tare da rediyo ba. Sannan ta juyo kaina.

"Ke fa, Hajiya? Me ya sa kika riƙe masa riga?"

Ban san lokacin da na kwashe labarin Inna na ba ta ba, har da abin da na faɗa a zaure. Ta saurara har ƙarshe.

"Yarinya ce 'yar shekara sha shida ta kai wa ubanta albishir," ta ce. "Abin da kika yi ke nan. Kuma ba ni, ba wani likita, da zai iya ce miki da tsohuwar ta ci gaba da shiga da mahaifiyarki ta rayu. Abin da muka sani, ta sami kwanakin da ta ci abinci ta kira ɗanta, ke kuma kina wurin."

Ban ce Baban Rabi ya warke sarai ba. Ƙwayar tansiyo tana nan, wani lokaci tsawar takan kuɓuce masa. Amma yanzu in ya yi, ba a jimawa sai ka ga ya fita ya dawo da mangwaro a leda. Rabi ta dawo da yaranta, su ne suke baje mini a siminti.

Juma'ar da ta wuce na shiga mota zuwa Zugu. Baba ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, ƙanena Sule ne yake riƙe da gidan. Bayan la'asar na same shi a zaure a kan buzu, yana jan carbi. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Parakou, na ba shi labarin ciwon surukinsa da Madam Bake. Yana ta gyaɗa kai. Sai na yi ƙarfin hali.

"Baba, azumin nan Yaya Musa yana ta faɗo mini a rai."

Carbin ya tsaya. Na ɗauka zai ce in tashi.

"Hajara," ya ce, "kin tuna duk wata nakan ce zan kai goro kasuwar Partago?"

"Na tuna, Baba."

"Ba goro nake kaiwa ba. Wurinsa nake zuwa. In zauna in yi ta kuka kamar yaro, in na gama in roƙe shi gafara don na ƙona shi, in wanke fuska in dawo. Daga baya na tambayi wani malami, ya ce hawayen da ba ihu ba yage-yage ba laifi ba ne, rahama ce. Lokacin uwarku ta riga ta kwanta." Ya shafa gemunsa. "Abin da nake yi a ɓoye shi na hana ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na matsa kusa da buzun na zauna. Ya fara ba ni labarin ranar da ya fara kai Yaya Musa rumfa, yadda ya cinye farin goro guda ya kwana biyu yana zuba surutu. Muka yi dariya, muka share ido, har matar Sule ta leƙo ta koma da sauri.

Da aka kusa kiran salla ya karkato kansa wajena ya rage murya.

"Wannan yarinyar ta asibitinku, tana ganin tsofaffi?"

"Tana gani, Baba."

"Tana jin Hausa?"

"Kaɗan-kaɗan. Dendi ta fi ji."

"To ai ni ma ina jin Dendi," ya ce. "Ki gaya wa Sule ya nema mini wuri a gaban mota bayan Salla. Bayana ba ya son kujerar baya."